Ƙafar da ta saki bayan allura: abin da likita yake nema idan yana duba ƙafa

"Assalamu alaikum, likita. 'Yata mai shekara 5 ta yi zazzaɓi, aka yi mata allura a ɗuwawun dama a wani kemis. Ta tsala ihu a take, kuma tun washegari take jan ƙafar, yatsunta suna sharar ƙasa, silifa ma ba ya zama mata. Da muka je asibiti likita bai ɗauki hoto ba. Ya dai sa ta yi tafiya, ya ce ta taka da dunduniya, ya bubbuga mata gwiwa da wata 'yar guduma, ya ja mata mukulli a tafin ƙafa, sannan ya ce a kawo bayan gidanta sau biyu. Yau mako uku ke nan. Maƙwabta suna cewa shan inna ne, wasu kuma suna cewa a kai ta wurin mai ɗori. Shin wannan dubawar ta isa a gane ciwon? Kuma ƙafar za ta dawo?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba yarinya lafiya, ya kwantar maka da hankali. Idan na fahimce ka, abu biyu ne suke ci maka tuwo a ƙwarya: kana ganin kamar likitan ya taƙaita tunda bai tura ku ɗakin hoto ba, sannan kana son sanin makomar ƙafar. Zan fara da na farkon, domin amsar na biyun a cikinsa take. Ban ga yarinyar ba, ban riƙe ƙafarta ba, saboda haka abin da zan faɗa bayani ne a kan abin da ka siffanta, kuma wanda ya duba ta da hannunsa ya fi ni sanin halin da take ciki. Amma a kan abin da ka lissafa, likitan ya bi hanyar da ta dace. Hoton eksire ƙashi yake nunawa. A kowace ƙafa, daga cinya zuwa yatsu, akwai ƙasusuwa 30, kuma 26 daga cikinsu suna daga idon sawu zuwa ƙasa; da za a ɗauki hotonsu duka a wannan yarinya, mai yiwuwa a same su lafiya lau, ƙafar kuwa tana nan a sake. Abin da ake zargi a irin wannan labari jijiya ce, ita kuwa jijiya ba ta fitowa a wannan hoton. Da ido da hannu ake bin sawunta.

Yadda aka shimfiɗa jijiyoyin ƙafa

Kalmar jijiya a bakinmu tana ɗauke da abu uku daban, kuma wannan yana kawo ruɗani tsakanin likita da majinyaci kusan kullum. Akwai jijiyar jini. Akwai jijiyar da take ɗaure tsoka da ƙashi, irin su agara da ke bayan dunduniya. Akwai kuma jijiyar saƙo, wadda take ɗauko umarni daga ƙwaƙwalwa ta cikin laka ta kai wa tsoka, ta kuma mayar da labarin taɓawa, zafi da sanyi daga fata. A kan wannan ta ukun muke magana.

Jijiyoyin saƙo na ƙafa suna fitowa daga tsakanin ƙasusuwan gadon baya na wajen kwankwaso da ƙashin da ke ƙasansu, sai su haɗu su zama manyan hanyoyi. Ta gaba, wadda likitoci suke kira fimoral, tana bi ta matsematsi ta shiga gaban cinya, kuma ita ke sa a miƙe gwiwa. Ta baya, wato sayatik, ita ce jijiyar saƙo mafi girma a jikin ɗan Adam. A babban mutum kaurinta ya kusa na babban yatsan hannu. Tana fitowa daga cikin ƙugu ta ratsa ƙarƙashin tsokar ɗuwawu, ta bi tsakanin ƙashin da muke zama a kansa da tudun ƙashin da ake ji a gefen katara, sannan ta gangara ta bayan cinya. Kafin ta kai bayan gwiwa sai ta rabu gida biyu. Reshe ɗaya, tibiyal, yana miƙewa ta cikin sharaɓa har tafin ƙafa, shi ke sa a danna ƙafa ƙasa a tsaya a kan yatsu, shi ne kuma yake kula da jin tafin ƙafa. Ɗaya reshen, feroniyal, yana karkatawa waje, ya kewaye wuyan siririn ƙashin nan da ke gefen ƙwauri, daidai ƙasa da gwiwa, inda babu abin da ya rufe shi sai fata. Shi ke ɗaga ƙafa da yatsu sama, shi ke juya tafin ƙafa waje, shi ne kuma yake kula da jin saman ƙafa.

Abin lura a nan shi ne, tun a ɗuwawu waɗannan rassa biyu a ware suke, suna tafiya ne kawai cikin kube ɗaya, kuma ɓangaren feroniyal shi ne a gefen waje, ya kuma fi ɗayan rauni. Shi ya sa allurar da ta sauka ƙasa ko ta karkata tsakiya ta fi samun sa, kuma shi ya sa alamar da aka fi gani ita ce wadda ka faɗa: ƙafa ta saki, yatsu suna sharar ƙasa, silifa yana zamewa. A yaro ƙarami da zazzaɓi ya ramar, tsokar da ke tsakanin fata da wannan jijiya ba ta da kauri, ga shi yana mutsu-mutsu lokacin da ake soka masa allurar. Ba sai tsinin allurar ya huda jijiyar ba. Maganin kansa, idan ya zuba a jikinta ko a cikinta, yana ƙona ta. Kwinin ya yi ƙaurin suna a kan haka, amma magunguna da dama suna yi.

Abin da kowane gwaji yake tambaya

Tafiyar da ya sa ta yi ita ce gwajin da ya fi ba da labari. Ni kaina nakan fara duba mara lafiya tun daga bakin ƙofa, kafin ya san ana kallonsa. Wanda ƙafarsa ta saki yakan ɗaga gwiwa sama fiye da kima, kamar mai hawa matakala, don kada yatsu su yi tuntuɓe, sannan ƙafar ta faɗi ƙasa da ɗan ƙara. Wanda ciwo ke damu yakan yi saurin ɗauke nauyinsa daga ƙafar da ke ciwon. Wanda tsokar gefen ƙugunsa ta yi rauni kuwa, idan ya tsaya a kan wannan ƙafar, sai ƙugun ɗaya ɓangaren ya faɗi, jikinsa ya rinjaya gefe. Wani likitan tiyata Bajamushe, Trendelenburg, ya bayyana wannan alama a 1895, har yau da sunansa ake kiranta. A wurin mai kallo duka ukun ɗingishi ne, amma kowane yana nuna wurin da za a nemi ciwo.

Takawa da dunduniya tana gwada reshen feroniyal, takawa a kan yatsu tana gwada tibiyal. Idan yarinya ta kasa ta farkon ta iya ta biyun, an riga an rage zargi sosai. Daga nan sai a kwantar da ita a kwatanta ƙafafun biyu, domin ƙafa mai lafiya ita ce ma'aunin mara lafiya: ko akwai kumburi ko ƙurji a wurin allurar, ko tsokar gaban ƙwauri ta fara ramewa, ko tsawon ƙafafun ɗaya ne idan an auna daga tsinin ƙashin ƙugu na gaba zuwa idon sawu na ciki. Ana kuma jujjuya gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya. A nan nakan jaddada wa ɗalibai cewa duk yaron da ya zo da ɗingishi, ko da gwiwa yake nunawa, sai an juya masa gaɓar ƙugu, domin jijiya ɗaya tana kula da jin ƙugu da na gwiwa, kuma ciwon ƙugu yakan bayyana a gwiwa. Na sha ganin yara masu sikila da aka daɗe ana shafa musu magani a gwiwa, alhali kan ƙashin cinyarsu ne yake lalacewa saboda ƙarancin jinin da ke isa gare shi.

Sai ƙarfin tsoka. Ana ba kowane motsi maki daga 0 zuwa 5: 0 babu motsi ko kaɗan, 1 ana ganin tsokar tana ɗan motsi amma gaɓar ba ta motsa ba, 3 tana iya ɗaga gaɓar da kanta amma ba ta jure turin hannun likita, 5 ƙarfi cikakke. Wannan lamba tana da amfani ƙwarai a gare ka, zan dawo kanta. Akwai motsi ɗaya da nake ba muhimmanci na musamman, wato juya tafin ƙafa ciki. Tsokar da ke yin wannan aiki reshen tibiyal ne yake kula da ita, amma tushen jijiyarta a gadon baya ɗaya ne da na jijiyar tsokokin da ke ɗaga ƙafa. Saboda haka idan ƙafa ta saki amma juyawa ciki yana da ƙarfi, matsalar tana kan ɓangaren feroniyal. Idan shi ma ya yi rauni, to ko dai ciwon ya shafi sayatik gaba ɗaya, ko kuma yana can sama a tushen jijiyar, kamar yadda ake gani a manya masu ciwon baya. Da wannan ɗan motsi ake tantance ko za a nemi ciwon a gwiwa, ko a ɗuwawu, ko a baya.

Gwajin ji ma haka yake, taswira ce. Ana taɓa saman ƙafa, da fatar da ke tsakanin babban yatsa da mai bi masa, da tafin ƙafa, da cikin ƙwauri. Cikin ƙwauri ba na sayatik ba ne, wani reshen fimoral ne yake kula da shi, don haka a raunin allura jinsa yakan tsira. A yaro mai shekara 5 wannan gwaji yana buƙatar haƙuri, nakan mayar da shi wasa, in ce ta rufe ido ta nuna mini inda na taɓa.

'Yar gudumar nan tana gwada wata zabura da tsoka take yi ba tare da niyyar mutum ba. Idan an bugi jijiyar da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, saƙo yana zuwa laka ta fimoral ya dawo, ƙafa ta harba. Idan an bugi agara, saƙon ta sayatik da reshen tibiyal yake bi. A raunin sayatik zaburar gwiwa tana nan, ta agara kuwa tana iya raguwa ko ta ɓace idan tibiyal ya taɓu. Mukullin da ya ja mata a tafin ƙafa kuwa tambaya ce a kan ƙwaƙwalwa da laka. A mai lafiya babban yatsa yana lanƙwashewa ƙasa. Idan ya miƙe sama, ciwon yana can sama, ba a cikin ƙafar ba. Babinski, likitan jijiyoyi a Faransa, ya bayyana wannan a 1896. A jarirai miƙewar yatsan ba ciwo ba ce, amma a mai shekara 5 tana da ma'ana, kuma zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa ko laka yana iya barin rauni a ƙafa, don haka dole ne a tambaya. A ƙarshe ana taɓa bugun jini a saman ƙafa da bayan idon sawu na ciki, a tabbatar jini yana isa.

Dalilin karɓar bayan gida

Maƙwabtanka ba su yi wauta ba da suka ambaci shan inna, likitan ma bai kawar da kai daga gare ta ba, shi ya sa ya nemi bayan gida. Ƙa'ida ce cewa duk yaron da bai kai shekara 15 ba, idan wata gaɓarsa ta saki farat ɗaya, a sanar da jami'an sa ido kan cututtuka, a karɓi bayan gidansa sau biyu, da tazarar aƙalla awa 24, cikin kwana 14 da fara raunin, ko da likita yana ganin allura ce sanadi. An ga ƙwayar shan inna ta asali a Nijeriya karo na ƙarshe a Jihar Borno a 2016, aka kuma ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita a watan Agusta na 2020, amma akwai wani nau'in da yake ci gaba da yawo a wuraren da rigakafi bai wadata ba, saboda haka ba a daina nema ba. A gadon dubawa ana iya bambanta su gwargwado. Shan inna ba ta shafar jin fata, fata tana jin taɓawa yadda ta saba, kuma raunin ya fi kama manyan tsokokin cinya, har zaburar gwiwa ta ɓace. Raunin allura kuwa yana bin taswirar jijiya ɗaya, yana zuwa da zafi nan take, yana kuma kashe jin saman ƙafa. Ihun da ta yi a take da saurin bayyanar raunin sun fi karkata ga allura. Duk da haka akwai wani abin da ke hana mu sakankancewa: yaron da ƙwayar shan inna ta riga ta shiga jikinsa, idan aka yi masa allura a tsoka, raunin yakan faɗa wa ƙafar da aka soka. Ka koma ka karɓi sakamakon, ka kuma duba katin rigakafinta da na 'yan uwanta.

Ba allura kaɗai ke sakin ƙafa ba. Na taɓa duba wani manomi da ya wuni a tsugune yana aiki, ya tashi ƙafa ba ta ɗaguwa, saboda an matse reshen feroniyal a wuyan ƙashin gefen ƙwauri. Cikin 'yan makonni ya warke. Kuturta ma tana son wannan wurin, har akan ji jijiyar ta yi kauri kamar igiya a ƙarƙashin fata. Ɗauri mai tsanani a ƙasan gwiwa yana yin haka shi ma, kuma wannan ya kawo ni kan mai ɗori. Ina roƙonka kada ka kai ta. Babu karaya, babu targaɗe, babu abin da za a ɗora. Karan ɗori da tsumman da ake tamkewa suna zama ne daidai inda wannan jijiya take kwance a kan ƙashi, sai a ƙara mata rauni na biyu a kan na farko, ga haɗarin toshe hanyar jini a ƙafar da ba ta jin zafi sosai balle ta yi ƙorafi. Haka nan kada a gasa ƙafar da ruwan zafi ko a kusa da wuta, kada a yi mata tsaga.

Ko ƙafar za ta dawo

Wannan ya danganta da zurfin raunin, kuma a mako uku ba mai iya yanke maka hukunci. Idan jijiyar ta firgita ne kawai, zarenta bai tsinke ba, ƙarfi yakan dawo cikin makonni zuwa wata uku. Idan zaren cikin ya mutu amma kubensa yana nan, zai sake tsirowa daga wurin raunin zuwa ƙasa, da saurin kusan milimita ɗaya a rana. A yarinya kamar taka, tazarar da ke tsakanin ɗuwawu da tsokokin gaban ƙwauri tana iya kaiwa santimita 30, ka ga ana maganar wata tara ko goma ke nan. Idan kuwa maganin ya ƙone jijiyar har tabo ya toshe hanya, ba za ta tsiro da kanta ba sai da tiyata. Yara sun fi manya samun sauƙi, kuma raunin da ya bar ɗan motsi ya fi wanda bai bar komai ba kyakkyawan zato. Gaskiyar da ba zan ɓoye maka ba ita ce, ɓangaren feroniyal ya fi ɗan uwansa jinkirin warkewa, kuma wasu yaran ba sa dawowa daidai.

Abin da ke hannunka a yanzu ya fi abin da ke hannun likita yawa. Ƙafar da ta saki, idan aka bar ta a rataye, agara takan ɗaure ta gajarce, ta yadda ko jijiyar ta warke dunduniya ba za ta ƙara taɓa ƙasa ba. Saboda haka a kai ta sashen gashi da motsa jiki, a koya wa mahaifiyarta yadda za ta riƙa tura ƙafar sama a hankali sau da yawa a rana, a kuma yi mata takalmin roba mai tallafe ƙafa a tsaye, wanda za ta sa da rana, ta kuma kwana da shi idan an ce a yi haka. Ta daina yawo ba takalmi, a kuma duba mata ƙafar kowane dare ko akwai ƙaya ko gyambo da ba ta ji ba. Idan tana kukan zafi kamar ƙuna da dare, a gaya wa likita, akwai maganin ciwon jijiya da ya dace da yara, ba sai an koma ga allura ba. Idan wurin allurar ya kumbura ya yi zafi, ko raunin ya fara hawa sama, ko ya kama ɗaya ƙafar, ko fitsari ya gagara, wannan ba na jira ba ne, a koma asibiti a ranar.

Ga amfanin makin nan da na ambata. Duk ranar da kuka koma, ka roƙi likitan ya rubuta maka lambar ƙarfin ɗaga ƙafa da ta ɗaga babban yatsa. Tashi daga 0 zuwa 1 ba ya canza tafiyar yarinya, ido ba ya ganinsa a gida, amma a wurinmu babban albishir ne, domin yana nufin saƙo ya fara isa. Akwai kuma gwajin da ake yi da na'urar lantarki don auna tafiyar saƙo a jijiya da amsawar tsoka, wanda ya fi ba da amsa bayan mako uku da rauni, wato daidai lokacin da kuke ciki, kuma a manyan asibitocin koyarwa aka fi samunsa. Idan wata uku ya cika babu wani motsi, kada a tsaya jiran shekara. Ka nemi takardar turawa zuwa wurin ƙwararru, irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko asibitin koyarwa mafi kusa da kai, domin tsokar da ta shafe shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba ta samu saƙo ba, da wuya ta sake amsawa ko an gyara jijiyar. Ko an makara ma akwai sauran dabara: ana iya ciro jijiyar da take ɗaure tsokar nan mai juya ƙafa ciki da ƙashi a dasa ta a saman ƙafa, ta koma ita ce mai ɗagawa.

Game da sauran yaranka, yawancin zazzaɓi ba ya buƙatar allura, kuma maganin maleriya na sha yakan wadatar ga yaron da yake iya haɗiya ba ya amai. Idan allurar ta zama dole, a ƙananan yara gaban cinya ta gefen waje ne wurin da aka fi aminta da shi, domin babu babbar jijiyar saƙo a nan. Idan kuma a ɗuwawu za a yi wa babba, a raba ɓangaren gida huɗu a soka a na sama ta waje, mutum yana kwance. Kana da haƙƙin tambayar mai allura inda zai soka kafin ya soka, kuma idan yaro ya yi ihun zafin da ke harbawa zuwa ƙafa, a dakatar a zare allurar kafin a tura maganin.